Katin da Na Ara wa Andrawus

Shekarar da aka kawo mana inshorar lafiya, ina masinja a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke Minna, saura mini kusan shekara uku in yi ritaya. Sunana Ndanusa. A Bida aka yanke mini cibiya, amma a unguwar Limawa gemuna ya yi fari.

Wani jami'i mai taye ya zo daga Abuja, ya tara mu a gindin mangwaron ofis, ya raba mana fom. Ya ce kowa ya zaɓi asibiti guda, likitan da ke can shi ne likitansa na farko. Duk abin da ya same ka, wurinsa za ka fara zuwa. Shi zai riƙe fayil ɗinka, ya san jikinka. In ciwon ya fi ƙarfinsa, shi ne zai rubuta takarda ya tura ka wurin ƙwararre a babban asibiti.

"In babu takardarsa, ba za ka ga ƙwararre da wannan kati ba," in ji mai taye, "ko da surukinka ne ke riƙe da makullin asibitin."

Abokan aikina kowa ya zaɓi asibitin da ke kusa da gidansa. Ni kuwa na zaɓi wani ƙaramin asibiti mai koren fenti can Chanchaga, daf da kogi. Na taɓa kai wasiƙa wurin, sai na ga kunkuru a tsakar gidan, babba kamar kwanon birkila, yana bin inuwar wata gwaiba. Inuwa ta matsa, ya matsa. Na tsaya kallonsa har aka tashi daga aiki. Na ce a raina, wurin da aka bar kunkuru ya tsufa hankali kwance, ba za a wulaƙanta tsoho ba.

Matata Muniratu ta ce, "Malam, mutane na zaɓen likita, kai kana zaɓen kunkuru. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, shi zai yi maka allura?" Ita dai ta sa aka rubuta mata asibitin bayan gidanmu.

Bayan wata uku kati ya fito. Ranar da aka ɗauki hoton akwai hadari, mai hoton kuma yana sauri, saboda haka ba a ganin komai a jikin katin sai hulata da kunnuwa biyu. Na saka shi a gwangwanin da nake ajiye abubuwana: kwabo mai huji a karkace, tsohon tikitin jirgin ƙasa na Baro, da wani dutse mai kama da kan kifi. Ni ba mai yawan ciwo ba ne. Kati ya kwanta can yana tsufa.

Andrawus maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin. Dogo ne, mai wushirya, manomin doya, gonarsa tana gaba da Chanchaga. Tsakanina da shi babu abin da ba a aro. Tsani nasa ne amma a gidana yake kwana. Famfon keke nawa ne amma ban san rabona da ganinsa ba. Ranar auren ɗansa, babbar rigata ya sa ya shiga coci.

Wata safiya ya leƙo ta kan katanga, ya yafito ni. Ya ce jiya jiri ya kwashe shi a gona, ya farka ya ga kansa kwance tsakanin kunya biyu, wani hankaka yana kallonsa.

Na ce, "To ka tafi asibiti mana."

"Wanne? Nda, duk asibitin da na shiga a garin nan akwai ɗan cocinmu a ciki. Kafin in ɗaura wando labari ya kai wurin Hadassah."

Hadassah 'yarsa ce, malamar makaranta, mai kaifin baki da son ubanta. Ta daɗe da rantsuwa cewa ranar da ta ji ya faɗi a gona, za ta kulle garmarsa a ɗakinta ta ba da gonar haya. Andrawus kuwa in ka raba shi da doya, ka gama da shi.

Na shiga ɗaki na buɗe gwangwani. Wallahi ban ga bambancinsa da aron tsani ba. Abu yana kwance ba ya aikin komai, maƙwabci yana bukata. Na miƙa masa katin, na haɗa masa da hular, don hoton ya samu abin kamawa.

"In an kira Ndanusa, ka amsa."

"In an ce in yi sallah fa?"

"Asibiti za ka, ba masallaci ba."

Da la'asar ya dawo da ƙullin magani da labari. Ya ce likitar mace ce, sunanta Dakta Liyatu, 'yar ƙarama, mai tabarau, ba ta sauri. Ta tambaye shi abin da yake ci, da ƙarfe nawa yake fita gona, da abin da ya kashe mahaifinsa. Ta ce hawan jini ne, ya rage gishiri, ya dawo bayan wata ɗaya. Na tambaye shi kunkuru, ya ce yana nan.

Haka muka yi shekara biyu. Kowane farkon wata Andrawus zai leƙo ta katanga, in miƙa masa kati da hula. Da yamma ya dawo da su, wani lokaci har da doya guda a kai. Jiri ya bar shi. Hadassah ba ta ji ba, Muniratu ma ba ta sani ba, ta ɗauka hular ce kawai yake sha'awa.

Sai idona na hagu ya fara hazo. Da farko abin ya ba ni sha'awa. Kazar gidanmu guda ɗaya ce, in na rufe idon dama sai ta zama uku, dukkansu suna tsattsagar ƙwaya ɗaya. Kowane ƙwan lantarki ya samu rawani. Na yi wata biyu ina kallon duniya a haka ban gaya wa kowa ba. Amma da na dama ya fara bin sahu, na kai wasiƙar darakta ofishin direbobi, na kuma yi wa wata tukunyar fulawa sallama a bakin ƙofar akanta, sai Muniratu ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi.

Kai tsaye babban asibiti muka nufa, don na manta da maganar mai taye. Wata nas ta haska idona da 'yar tocila, ta ce yanar ido ce, tiyata ake yi a cire, mutum ya koma gani garau. Na miƙa kati. Ta ce, "Ina takardar likitanka na farko?"

"Ai ga idon nan na kawo, kin gani da kanki."

"Baba, ido na gani. Sauran jikin fa? Shi ya san shi. Je ka kawo takarda."

A hanya na lissafa kwanakina. Saura mako goma in yi ritaya, kuma ranar da na ajiye aiki, ranar katin zai daina aiki. In ba a yi tiyatar nan kafin lokacin ba, masinja mai ritaya ba shi da halin yin ta. Sai dai in zauna a ƙofar gida ina gaida tukwanen fulawa har ƙarshen rayuwata.

Washegari na sa hulata, na hau kabu-kabu zuwa Chanchaga. A teburin karɓar kati akwai wata mata mai jiki da fara'a, ana ce mata Sista Theresa. Ta karɓi katin, ta duba, ta ɗago.

"A'a! Ina Baba Ndanusa? Lafiya ya aiko ka?"

"Ni ne Ndanusa."

Ta yi dariya har tana dukan tebur. "Kai Baba, ka iya wasa. Ƙaninsa ne kai? Har hularsa ya ba ka!"

Na rantse mata ni ne. Dariyar ta tsaya. Ta shiga ciki, ta fito ta ce likita na kira.

Dakta Liyatu ta ba ni kujera, ta gaishe ni da ladabi. Fayil mai kauri yana gabanta, da sunana a bayansa.

"Baba, na san Ndanusa," ta ce. "Shekara biyu ina duba shi. Ya fi ka tsawo da taki guda. Yana da wushirya. Na san bugun zuciyarsa, na san sunan karensa. Ranar Talatar da ta wuce ma ya kawo mini doya mai kama da tafin hannu."

Wannan doyar ni ya kamata ya kawo wa, ya san ina son irin su. Amma ba lokacin wannan magana ba ne.

"Idonka na bukatar dubawa, ina gani daga nan," ta ci gaba. "Amma zuwa da katin wani laifi ne. Ba zan tona ka ba. Katin dai zan riƙe, mai shi ya zo da kansa ya karɓa."

Na fito ba kati. Ni Ndanusa ɗan Ndaceko, an ce in je in turo Ndanusa.

Da na gaya wa Andrawus, ya zauna a kan turmi ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ga ba na dariya, ya share ido. In na faɗi gaskiya, asirinsa ya tonu, garma ta tafi ɗakin Hadassah. In na yi shiru, idona ya tafi.

"Nda, ga dabara," ya ce. "Ni zan je in ce idona ne ba ya gani. Ta rubuta wa Ndanusa takarda, kai kuma ka kai ta babban asibiti. Can ai ba su san tsawon kowa ba."

Na ga dabarar ta yi kyau ƙwarai. Tsofaffi biyu muka zauna muna koyon makanta, ina nuna masa yadda ake lalube, da yadda ake ɗaga ƙafa sama a inda babu tudu.

Ranar Alhamis muka tafi tare. Ya shiga da hulata a kansa, ni kuma na zagaya na zauna a gindin gwaiba, ƙarƙashin tagar likita, inda ba za a gan ni ba. Ga kunkuru nan kusa da ƙafata, ya lafe. Na gaishe shi a hankali. Na gaya masa saboda shi na zaɓi wurin nan, na ba shi labarin kazar da ta zama uku. Bai motsa ba, ya saurare ni da natsuwar da ban taɓa samu wurin mutum ba.

Ta taga ina jin komai. Likita ta mayar wa Andrawus kati, ta gargaɗe shi ya daina barin sa a hannun mutane. Sai ya fara kukan ido. Ta tsayar da shi gaban allon gwaji, mai wani harafi mai yatsu uku da ke juya fuska ko'ina.

"Wannan babban na sama, ina yatsunsa suka nuna?"

"Likita, akwai allo a wurin?"

"Akwai. Hannuna fa, yatsu nawa na ɗaga?"

"Duhu kawai, likita. Hazo. Kaza ɗaya ma uku nake ganinta."

"Ikon Allah. Tun yaushe?"

Sai kawai na ji ya ƙwalla ihu a saman kaina, har na zabura.

"Kai! Kai! Akuya a cikin masara! Wane ne mai gonar can? Za ta gama da ita!"

"Wace akuya, Baba?"

"Ga ta can hayin kogi! Fara mai baƙin wuya, da guntun igiya a ƙafarta!"

Na ji takun likita zuwa taga. Ta daɗe tana dubawa.

"Ni da tabarau ma da ƙyar na hango ta," ta ce. Sannan ta sunkuyo, muka haɗa ido, ko in ce ta haɗa ido da ni. "Baba na gindin gwaiba, shigo daga ciki, rana ta yi zafi."

Muka zauna a gabanta kamar 'yan makarantar da aka kama da mangwaron hedimasta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Ndanusa," ta ce wa Andrawus, "shekara biyu ban taɓa kama ka da ƙarya ba sai a kan gishiri. Yau me ya faru?"

Ta dafa fayil ɗin.

"Ku ji abin da ke cikin takardar da kuke nema. Zan rubuta wa likitan ido cewa ga mutumina, na san shi. Ga yadda jininsa yake, ga maganin da yake sha, ga wanda jikinsa ba ya so. Shi ba zai sake tambaya ba, zai yarda da ni ya ɗauki wuƙa. In na rubuta jikin wannan, aka kwantar da wancan, wa zai amsa in abu ya faru? Wannan Baban ban san jininsa ba, ban san ko yana da suga ba, ko tarinsa ban taɓa ji ba." Ta gyara tabarau. "Ndanusa ɗaya ne a littafina. In mai hula ne, idonsa ya fi nawa, ku tashi ku tafi gida. In kuma wani ne, ina saurare."

Na tuna Andrawus a gonarsa da sassafe, yadda yake yi wa kunyar doya magana kamar jikokinsa. Na dafa gwiwa zan tashi. Na ce, "Likita, a yi haƙuri, ni ne na yi kuskure. Bari in tafi."

Andrawus ya riƙe mini riga. Ya cire hular, ya kaɗe ta a cinyarsa, ya ɗora mini a ka, a karkace.

"Sunana Andrawus," ya ce. "Ga Ndanusa nan. Katinsa ne, hularsa ce. Hawan jinin ne kawai nawa."

Sista Theresa, wadda ashe tana bakin ƙofa, ta ce, "Yesu! Shi ya sa ranar nan na ji yana rera waƙar coci a layi!"

Likita ta yi ƙoƙari ta riƙe fuska, ta kasa. Da ta gama dariya ta share tabarau, ta yi mana faɗa sosai, faɗan da ya fi na darakta zafi don a hankali ta yi shi. Ta ce dole ta rubuta wa kamfanin inshora gaskiyar abin da ya faru, ba za ta ɓoye ba, amma za ta haɗa da cewa idona ba zai jira ba. Ta sa aka kawo sababbin fayil biyu. Aka kwashe takardun shekara biyu aka mayar cikin mai sunan Andrawus. Nawa kuwa babu komai a ciki, fes, kamar na jariri.

"Baba Andrawus, wa zan rubuta a matsayin na kusa da kai? Jinin nan naka ba abin ɓoyo ba ne, dole wani a gida ya sani."

Ya kalli silin, ya kalli ƙasa. "Hadassah," ya ce, kamar mai sallama da garma.

Daga nan ta juyo kaina. Ta auna ni, ta saurari ƙirjina, ta tambaye ni abin da ya kashe mahaifina, da cokali nawa nake zuba wa shayi. Na ce uku. Ta ce, "Na gaskiya fa?" Na ce biyar. Gwaji ya nuna sugana ya ɗan hau, abin da ban taɓa sani ba, kuma ta ce ba za ta tura ni ba sai ya sauka. Mako uku Muniratu tana kulle gwangwanin sukari a akwatinta, tana kuma tuna mini kullum cewa ita tun farko ba ta yarda da zaɓen kunkuru ba.

Hadassah ta zo asibitin a mako na biyu, fuska a ɗaure. Ni da ubanta muka zauna a benci muna jiran hukunci. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta tsaya a kansa.

"Baba, likita ta ce noman ma magani ne, in da sassafe ne. Ƙarfe goma ta yi, ka bar gona. In na ji ka kai sha ɗaya, ka san inda garma za ta kwana." Ta juyo gare ni. "Kai kuma Baba Nda, da girmanka!"

Maganar magungunan da ya sha da sunana, ita ta tsaya ta daidaita da kamfanin, ba ta bari mun sa baki ba. Ni kuwa suka aiko mini da wasiƙar gargaɗi mai hatimi biyu, tare da izinin tiyata. Dakta Liyatu ta rubuta takardarta, shafi guda da rabi, duk labarin jikina. Na kai wa nas mai 'yar tocila, ta karanta, ta ce, "Yauwa, yanzu muka san ka."

Saura kwana tara in yi ritaya aka yi tiyatar ido na biyu. Da aka cire audugar, abin da na fara gani shi ne Muniratu ta yi furfura a gefen kai, ban san yaushe ba. Kaza ta koma ɗaya. Na ɗan yi kewar sauran biyun.

Likitan ido ya ba ni takarda in mayar wa likitata ta farko, don ta san abin da aka yi. Muka tafi tare da Andrawus, don ranar awon jininsa ce. Sista Theresa na hango mu ta ɗaga murya, "Baba Ndanusa, sannu da zuwa! A'a, har da Ndanusa na biyu!" Har yau haka take kiran mu, kuma ni ne na biyun.

Kafin a kira ni na zagaya gindin gwaiba in gaida abokina, in nuna masa sabon ido. Yana nan inda na bar shi. Na sunkuya, sai na ga tsohon kwanon birkila ne a kife, ya yi tsatsa, har da busasshen siminti a gefensa.

Kunkurun gaske yana can bayan tankin ruwa, yana cin ɓawon kankana, bai san ina yi ba. Na gaishe shi duk da haka. Kwanon kuwa na roƙi likita ta ba ni. Ya fi ƙarfin gwangwanina, saboda haka yana ƙarƙashin gado, da wasiƙar gargaɗin a cikinsa. Jiya Andrawus ya leƙo ta katanga yana neman aronsa, zai kwaɓa siminti.